Sulallan Rumawa masu hoton soja: ta ina mutum zai fara tarawa?

Tambayar da ɗan'uwa ya yi ita ce, ya ga wani tsohon sule na tagulla an ce na Rumawa ne, a bayansa akwai soja yana soke wani mahayin doki da mashi, kuma kuɗin da aka sa masa bai ma kai dala ashirin ba. Shine yake cewa anya abin da ya haura shekara 1600 zai yi araha haka, ko dai jabu ne? Sannan in yana son ya riƙa tara irin masu hoton soja ɗin nan, ta ina zai fara?

Toh Malam, arahar nan kar ta tsorata ka. Wannan da ka gani yana cikin sulallan Rumawa da suka fi yawa a duniya, kuma farashinsa kenan dama. Mu a tunaninmu tsufa ne ke sa abu tsada, amma a wannan harkar ba haka ba ne, abin da ke sa tsada shine ƙarancin abu da kyaunsa da yawan masu nemansa. Irin naka an buga su ba adadi, gashi lokacin babu banki irin na yau, mutum in ya ji tsoron yaƙi ko ɓarayi sai ya zuba kuɗinsa a tulu ya binne, wani ya dawo ya tono wani kuma ajali ya riga shi. A 2010 a kusa da garin Frome a Ingila wani mai yawo da na'urar gano ƙarfe ya ci karo da tulu ɗaya tal, da aka ƙirga aka samu sulalla 52,503 a ciki. Tulu ɗaya fa. Kaga kuwa ba abin mamaki ba ne ka samu na tagulla da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Kafin in shiga bayani bari in gyara wani abu, don mu in an ce Rum hankalinmu na tafiya wajen Hirƙal da Rumawan da Sahabbai suka yi zamani da su. Waɗancan ci gaban daular ne ta ɓangaren gabas. Sulallan da muke magana sun girme su, wasu da shekara 300 wasu da 600 har fiye. Kuma kalmar dinari da muka sani daga wajensu ta samo asali, denariyus suke ce masa, sai dai nasu na azurfa ne ba zinariya ba, ɗan ƙarami, faɗinsa bai kai santimita 2 sosai ba, nauyinsa giram 3 da wani abu.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu, wanda in ka gane shi tarin naka zai yi ma'ana, shine babban abin da daular Rum ke kashe wa kuɗi soja ne. Zamanin Agustus, sarkin daular na farko, sojan runduna yana karɓar dinari 225 a shekara, daga baya sarki Domishiyan ya ƙara ya mayar 300. Wato sabon sule in ya fito daga maƙera, galibi hannun da zai fara taɓa shi hannun soja ne. Babu rediyo babu jarida, toh sarki in yana son ya yi magana da rundunarsa ina zai rubuta? A bayan albashinsu. Shi ya sa ni a wajena gaban sule, inda kan sarki yake, yana gaya maka wane ne, amma bayan ne ke gaya maka abin da ke damunsa. Mai tara masu hoton soja bayan yake bi.

Dawo kan naka. In ka duba gefen hoton za ka ga rubutu ya zagaye, FEL TEMP REPARATIO, ma'anarsa kusan a ce zamanin jin daɗi ya dawo. An fara buga masu wannan rubutun a 348 miladiyya, zamanin 'ya'yan Kustantin, wato Kustantiyus na biyu da ƙaninsa Kustans, shekarar ta yi daidai da cikar birnin Rum 1100 a lissafinsu. Hotunan ba ɗaya ba ne, akwai mai sarki tsaye a jirgin ruwa, akwai mai soja yana jawo wani ɗan mutum daga bukka a gindin bishiya, akwai mai tsuntsu, amma wanda ya mamaye ko'ina shine mai faɗaɗɗen mahayin nan naka. Mafi yawansu a gaba za ka ga CONSTANTIVS, kuma ka lura V ɗinsu ita ce U, kar ta rikita ka. Shi Kustantiyus rayuwarsa kusan duk a fagen fama ya yi ta da Shafur na biyu sarkin Farisa, garin Nisibis kaɗai sau uku Farisawa suna yi masa ƙawanya. Kuma ana cikin buga wannan sule mai nuna ana kashe baƙo, a 350 wani kwamanda Magnentiyus ya yi tawaye aka kashe Kustans, a 351 Rumawa suka gwabza da junansu a Mursa aka yi asarar sojoji mai muni. Duk lokacin da na riƙe sulen nan sai na tuna sojan da aka biya da shi, mai yiwuwa mashinsa ɗan'uwansa ya soka ba Bafarishe ba, abin yana taɓa ni gaskiya.

Kuma wallahi wannan sulen kaɗai ya isa mutum ya shekara goma yana tarawa bai gama ba. Mahayin wani lokaci ya rungume wuyan doki, wani lokaci ya waiwayo ya ɗaga hannu kamar mai roƙon a bar shi, wani yana zaune a ƙasa gefen dokin. Wani da hula mai tsini, wani da gemu, wani da kitso. Sannan girman yana raguwa kana gani da idonka, na farkon manya ne sun kai giram 5, kafin a daina buga su wajen 358 sun koma rabin haka, tattalin arzikin daula kenan yake ramewa a tafin hannunka. Sai kuma abin da na fi so, haruffan da ke ƙasan hoton, ƙarƙashin layin da sojan ya taka. Nan ne sunan garin da aka buga shi. AN Antakiya ce, ALE Iskandariyya ta Masar, CONS Kustantiniyya wato Istanbul ta yau, SIS Siskiya a Kuroshiya ta yanzu, SMK Sizikus, SMN Nikomidiya, SMH Hirakiliya, TS Tasalonika, AQ Akwiliya, TR Tiriya ta Jamus. Harafin da ya biyo baya, sau da yawa na Girkanci, lambar sashen maƙerar ne. Shawarata ta farko kenan, ka nemi guda ɗaya daga kowane gari. Na Antakiya sun fi kyaun zane a ganina, za ka ga har igiyar takalmin sojan da adon garkuwarsa, in ka samu mai kyau ka fara da shi.

Kusa da su a araha akwai masu GLORIA EXERCITVS, ɗaukakar runduna, daga 330. Sojoji biyu tsaye kowa da mashi da garkuwa, tuta biyu a tsakaninsu. Wajen 335 zuwa 336 aka rage nauyin sulen sai wuri ya yi kaɗan, aka cire tuta ɗaya. Don haka da ka ga tuta biyu ko ɗaya ka riga ka san kusan shekarunsa tun ba ka karanta komai ba. Akwai kuma masu ƙofar sansani da hasumiyoyi a sama da tauraro, rubutun PROVIDENTIAE AVGG, na shekarun 324 zuwa 329, masu tara su har layin tubalin ginin suke ƙirgawa. Waɗannan ukun su ne makarantar allon wannan harka, a kansu ake koyon karatu.

In ido ya buɗe, aljihu kuma ya yarda, sai ka nemi dinarin rundunonin Markus Antoniyus, wani babban janar na Rumawa. Duk mai tara sulallan soja ƙarshenta nan yake zuwa. An buga su a 32 zuwa 31 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da shi da Kiliyofatra ta Masar suke shirin karo da Oktabiyan, wanda daga baya ya zama Agustus. Babu kan kowa a jiki. Gefe ɗaya jirgin ruwan yaƙi, ɗaya gefen gaggafar runduna tsakanin tutoci biyu, sai LEG, wato runduna, da lambar rundunar, LEG II, LEG V, LEG XI haka har XXIII. 'Yan kaɗan suna da laƙabi, kamar LEG XII ANTIQVAE da LEG XVII CLASSICAE da LEG XVIII LYBICAE, akwai ma na dogaran fada da na 'yan leƙen asiri, waɗannan sun fi wuyar samu. An kara a Aktiyum ranar 2 ga Satumba shekara ta 31, Antoniyus ya sha kashi, shekara na zagayowa ya mutu. Amma kuɗinsa sun fi na kowa daɗewa a kasuwa, kuma dalilin zai ba ka sha'awa. Don ya samu ya biya wannan ɗimbin soja sai ya surka azurfar da jan ƙarfe, toh mutane ai ba wawaye ba ne, mai kyau sai su ɓoye ko a narke, mai surki kuwa kowa so yake ya rabu da shi, sai ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. A garin Fomfei da dutse mai aman wuta ya binne a 79 miladiyya an same su da yawa. A Shapwick ta Ingila an tono dinari fiye da 9,000 waɗanda na ƙarshensu na shekarar 224 ne, kuma ga na Antoniyus a ciki, bayan shekara 250 suna aiki. Shi ya sa yawancinsu za ka gan su a suɗe sumul kamar tsohon kwabo, wasu da 'yan tabon da 'yan canji na da suka buga don gwada azurfar. Wannan suɗewar ba aibi ba ce, ni har na fi son su haka. Abin da za ka tsaya a kai kawai lambar rundunar ta karantu, in ba ta karantu ba rabin daɗin ya tafi kuma bai kamata a caje ka da yawa ba.

Wani kuskure da nake yawan ji a nan, mai sayarwa zai ce maka LEG XVII ko XVIII ko XIX su ne rundunonin da Jamusawa suka hallaka a dajin Tutobag tare da kwamandansu Barus a shekara ta 9 miladiyya, don ya ƙara kuɗi. Lambar ce ta zo ɗaya. Lokacin yaƙin basasa kowane ɓangare da nasa lissafin rundunonin, waɗannan na Antoniyus ne, kar ka biya kuɗin labarin da ba na sulen ba.

Amma da yake maganar ta zo, ka san gaggafar nan ba ado ba ce a wajensu, rundunar da ta rasa gaggafarta ta rasa mutuncinta. Janar Karasus ya rasa nasa a yaƙin Karhai a hannun Fartiyawa, masu mulkin Farisa a lokacin, a 53 kafin miladiyya, sai a shekara ta 20 kafin miladiyya Agustus ya karɓo su ta hanyar sulhu ba yaƙi ba, amma ya cika sulalla da SIGNIS RECEPTIS, an karɓo tutoci, wasu har da Bafartiye a durƙushe yana miƙa tuta. Daga nan za ka shiga wani babin, na ƙasashen da aka ci. Agustus yana da mai kada da rubutun AEGYPTO CAPTA. Sarki Basbasiyan bayan rushe Ƙudus a 70 miladiyya ya buga IVDAEA CAPTA, mace zaune tana makoki a gindin dabino, waɗannan suna da tsada don masu nemansu sun yi yawa kuma jabunsu ma ya yi yawa. Sarki Tarajan yana da DAC CAP na Dasiya, Romaniya ta yau, da ARAB ADQ mai ɗan raƙumi, na lokacin da ya haɗe ƙasar Nabatawa ta Petra a 106. Dinarin Tarajan bai da wuyar samu, kuma zanen zamaninsa yana da kyau ƙwarai, za ka ga sulke da kwalkwali da garkuwoyin ganima an rataye a gungume, kamamme a ɗaure a ƙasa. Ni dai ba na iya kallon waɗannan a matsayin ado kawai, matar nan ta gindin dabino mutane ne na gaske aka kashe wa maza aka sayar da 'ya'yansu, mai tarawa ya kamata ya san abin da ya riƙe.

Layin da ni kaina na fi daɗewa a kai shine masu FIDES MILITVM da CONCORDIA MILITVM, amanar sojoji da haɗin kan sojoji. Mace riƙe da tutoci biyu, ko hannaye biyu suna musabaha. In ka jera su ka duba tarihin masu su sai jikinka ya yi sanyi. Didiyus Yuliyanus a 193 dogaran fada ne suka yi gwanjon sarauta ya saya, ya buga CONCORD MILIT, kwana 66 ya yi aka kashe shi. Makrinus ya buga amanar sojoji, a 218 rundunonin Sham suka juya masa baya. Maksiminus ya buga, a 238 sojojinsa suka kashe shi a tantinsa a bakin ganuwar Akwiliya. Oreliyan a 275 hafsoshinsa ne suka kashe shi, Furobus a 282 sojojinsa a Sirmiyum. Abin da ya fi ƙaranci a hannun sarki shi ya fi nanatawa a kan kuɗi. Shi kuwa Sabtimiyus Seberus, ɗan Lebda ta Libiya, ya gane wannan sarai, da ya hau a 193 ya buga dinari da sunayen rundunonin da suka mara masa baya ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi yawa LEG XIIII tasa ta Karnuntum, ya kuma ƙara albashi, ya mutu a kan gadonsa a York a 211. Galiyenus ma wajen 260 ya buga jerin rundunoni a Milan kowace da dabbar tambarinta, sa, zaki, gadu da sauransu, sai dai lokacin azurfar ta lalace sosai kuma bugun ba shi da tsabta, samun mai kyau sai an yi haƙuri. Na Oreliyan da Furobus kuwa suna da sauƙin kuɗi, kuma Furobus yana da masu hotonsa sanye da kwalkwali, mashi a kafaɗa garkuwa a hannu, suna da kwarjini sosai.

Yanzu maganar jabu, tunda ita ce asalin fargabarka. Sulen Rumawa bugu ne ba zubi ba, ana ɗora ɗan ƙarfen tsakanin hatimi biyu a maka masa guduma, shi ya sa ba ya fita da'ira cif, wani hoton ya karkace, wani bakinsa ya ɗan tsage. Jabu mai araha zubi ne, za ka ga layin haɗi a bakinsa ko alamar an goge da zarto, da 'yan ƙuraje da ramuka kamar kumfa, haruffan sun yi laushi kamar sabulun da ya jiƙa. Ka sayi ɗan sikelin masu gwal da gilashin ƙara girma mai ninki goma, su ne kayan aikinka. In ka ga guda biyu iri ɗaya sak, har tsagewar baki da karkacewa, toh aƙalla ɗaya jabu ne, don bugun hannu ba ya maimaita kansa haka. Ni ma an taɓa yi min, wani mai sayarwa a intanet ya turo min dinarin Antoniyus mai kyau fiye da kima a farashin suɗaɗɗe, da ya iso na ɗora a sikeli bai kai giram 3 ba, ga layi a baki. Tun daga ranar ba na sayen azurfa sai wajen dillalin da ya rubuta cewa in ya tabbata jabu ne zai mayar da kuɗi ko bayan shekara nawa ne. Akwai kuma na gaske da aka yi wa gyaran fuska, an sassaƙa haruffa ko an cike rami an shafa launi, wannan ya fi wuyar ganewa kuma ya fi yawa a manyan tagulla. Sannan akwai jabun da tun zamanin Rumawan aka yi shi, jan ƙarfe a ciki azurfa a sama, shi wannan kayan tarihi ne, ana saye da saninsa.

Kafin ka biya ko sisi ka gwada hoton da na kundin RIC, shine littafin da kowa ke kafa hujja da shi kan sulallan sarakunan Rum, kuma abin da ke cikinsa yana nan kyauta a intanet a shafin OCRE da hotuna daga gidajen tarihi. In mai sayarwa bai rubuta nauyi da faɗi da lambar RIC ba, ka tambaye shi, in ya fara kame-kame ka wuce. Kuma in wani ya kawo maka a nan gida ya ce a gona aka tono a ƙasar Hausa, ka yi hattara, mulkin Rumawa bai tsallako Sahara ba.

Ka kuma tambayi asalinsa, daga tarin wa ya fito, yaushe aka taɓa sayar da shi. Ƙasashe irin su Italiya da Girka da Turkiyya da Masar dokarsu ta hana fitar da abin da aka tono ba izini, kuma masu haƙar sata suna lalata wuraren tarihi ba kaɗan ba. Sulen zinariyar nan na Burutus mai wuƙaƙe biyu da EID MAR, na tunawa da kisan Yuliyus Kaisar, an yi gwanjonsa a Landan a 2020 kan fam miliyan 3 da ɗoriya, daga baya ta bayyana takardun asalinsa na ƙarya ne, a 2023 aka mayar da shi Girka. Duk rasit da 'yar takardar da ta zo da sule ka adana su tare da shi.

Dan Allah kar ka wanke. Wannan kore ko baƙi ko ruwan ƙasa mai santsi da ya lulluɓe tagulla shine fatarsa, ɗaruruwan shekaru suka gina ta, kuma sau da yawa zanen a jikinta yake. Farkon farawata na jiƙa wani mai sojoji biyu a ruwan lemon tsami don in ga ya yi ƙyalli, da safe fuskokin sojojin sun tafi sai jan ƙarfe mai ramuka, har yau yana nan na ajiye kuma har yau yana min ciwo. In ƙasa ce ta manne, tataccen ruwa zalla (ba asid ɗin batir ba) da burushin haƙori mai laushi da haƙuri sun isa. Koren da za ka ji tsoro shine mai haske mai gari-gari wanda in ka taɓa da tsinke yake zubowa, wannan cuta ce tana cin ƙarfen, ka ware shi daga sauran nan take. Danshi ne ke tayar da ita, don haka da damina ka sa su a akwati mai rufi da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kowanne a 'yar ambulan ɗin takarda, ban da leda mai laushin nan mai wari don tana sa su kore. A jikin ambulan ka rubuta sarki, gari, nauyi, inda ka saya da ranar.

Shi wannan da ka gani, in haruffan ƙasa suna karantuwa, fuskar mahayin da hannunsa sun fito, fatar kuma ba a kankare ta ba, saya abinka. In ya iso ka auna shi, ka turo min nauyin da faɗin da haruffan da ke ƙarƙashin ƙafar sojan, da waɗanda ke gefen hoton in akwai, in sha Allah zan gaya maka garin da aka buga shi da tsakanin shekarun da ya fito.